Sai Tsohuwa Ta Tashi

Masu karatu, yau ba doguwar gaisuwa, don raina ba daɗi. Masu cika mini waya da saƙo, "Ruhaina, wai sai yaushe za a sa ranar nan, mun gaji da ɗinka anko a baki," ku zauna ku karanta wannan tukuna. In kun gama kuka ga na cancanci zagi, ku zaga, ba zan rama ba.

Wanda yau ya fara biyo mu, ga ni a taƙaice. Gidanmu yana Maamobi, a bakin lungu, daidai inda mota ke iya isowa ta tsaya. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gaban iyayena. Babana Malam Tijani tela ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗinka kaftani a Zongo Lane. Amma da za a tsaga ƙirjinsa ba zare za a tarar ba, baƙin mai za a tarar. Wasu maza hutunsu kallon ƙwallo, wasu hira a teburin mai shayi. Baba hutunsa ya shige ƙarƙashin mota ranar Asabar, ya fito da la'asar ba abin da ke fari a jikinsa sai haƙora, Mma tana faɗa shi yana dariya.

Motar tasa Benz ce, irin dogayen nan da ake trotro da su, wato hayar ɗaukar fasinja a cikin gari. Tsohuwa yake ce mata, kuma ta girme ni. A wajen masu fasa ƙarafa ya tsinto ta, ya sa mata injin dizal da hannunsa, da wannan ya gaji ya cire ya sa wani. A hannunsa ba ta taɓa ɗaukar fasinja ba. Ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katako, duk wanda ya rasu a lungunanmu ita ke kai shi maƙabarta, don Allah kawai.

Salansarta tana da wata murya mai kauri da ba mai irinta a unguwar. In ta yi gurnani da safe, kafin hayaƙi ya baje ƙofofi sun fara buɗewa, mata na leƙowa da mayafi a hannu suna tambayar wa ya rasu. Shi ya sa duk ranar da Baba zai tayar da ita don gyara, sai ya fara aikena in zaga lungu ina ihu, "Gwaji ne! Ba kowa, gwaji ne!" Da wannan ihun na girma, da kuma miƙa sifana.

A wurinsa na koyi cewa injin dizal ba abin da ya tsana kamar iska. In ta sami ƙofa ta shiga bututun mai, ko injin sabo ne fil, zai kama, ya yi tari, ya mutu. Wata rana bututun ya tsage can ƙasa kusa da tanki. Baba ya yanke wurin ya haɗe shi da wani notin tagulla, ya naɗe da tsumman roba. Wurin a matse yake, hannunsa bai shiga ba, ni na ɗaure notin da ɗan siririn hannuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, duk duniya mu biyu muka san da notin nan. Ku riƙe shi a ranku, za mu dawo gare shi.

Bara injin Tsohuwa ya buga. A cikin watannin nan kuma ƙafafun Baba suka fara kumbura, aka ce ƙoda ce. Muka yi ta zaryar asibiti har ranar da likita ya ja Mma gefe ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Mota ta kwanta a fili bayan tagar ɗakinsa, shi ya kwanta a ciki, bango ɗaya tsakaninsu.

Mutawakilu kuwa, wanda zan aura, tsofaffin masu karatu sun san shi. A kemis yake aiki a Kotobabi, fari tas da riga mai guga, amma irin ciwon Baba gare shi. Wayarsa ba hoton kowa sai na injuna, yana cikin wani guruf na masu son tsofaffin motoci, in ya fara maganar famfo da nozul sai ka roƙe shi ya numfasa. Motar ya tsaya kallo ranar da muka haɗu, ni daga baya ya lura da ni, kuma har yau ban yafe masa wannan ba.

Da kawunsa Alhaji Abdul-Mumin ya kawo goro, aka shigar da su ɗakin Baba. Baba ya ce, "Na karɓa, Allah ya sa albarka. Rana kuma, sai Tsohuwa ta tashi."

Kowa ya yi dariya. Mutawakilu bai yi ba, girma ya ji an ba shi. Ya shiga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ya fita har ya samo wani injin Benz na hannu mai silinda biyar, ya fi na da ƙarfi. Asabar bayan Asabar yana filinmu cikin tsohuwar rigar aikin Baba, wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ya kafa bututun ƙarfe uku ya rataya kaca, ya ciro mataccen injin. Mazaunin sabon bai dace da na tsohon ba, sai da aka yanka ƙarfe aka yi walda. Baba yana kwance yana ba da umarni ta taga da kunne kawai.

"Wannan notin da kake ɗaurewa ya isa, za ka cinye masa haƙori."

"Ei, Baba, yaya ka gani?"

"Ban gani ba, kukansa na ji."

Ni ina kai musu waakye, shinkafa da wakenmu, da ruwan sanyi, ina jin daɗi a raina. Wallahi na daɗe ban ji Baba yana dariya irin ta kwanakin nan ba.

Sai ranar wata Alhamis, ana saura kwana biyu a tayar da injin karo na farko. Na ɗauko koko zan kai wa Baba, na tarar da takalmin Malam Zakaria, limamin masallacinmu, a ƙofa. Na tsaya bayan labule ina jira su gama. Da ma ban tsaya ba.

"Malam, na gaji," in ji Baba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Abu biyu nake lallaɓa jikin nan dominsu. In ji motar nan ta tashi, in ɗaura wa yarinyar nan aure. Daga nan ba ni da sauran aiki."

Kokon nan a bayan gida na zubar da shi. Ku ce mini wawiya, na yarda. Na yi makaranta, na yi Islamiyya, na san ajali ba ya jiran kowa. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Abin da ta yi ta faɗa mini shi ne, muddin motar nan ba ta tashi ba, Baba yana da dalilin kwana.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, Mma tana wanka, lungu ya yi tsit, na ɗaura zani a kan tsohon wando na ɗauki sifana. Na kwanta a kan kwali na shige ƙarƙashin Tsohuwa. Tsumman robar yana nan inda muka bar shi. Na zura hannu, na sassauta notin kaɗan, yadda mai ba zai ɗiga ba amma iska za ta samu hanya. Na mayar da robar, na wanke hannu da omo sau biyu, na je na yi azahar ina kuka.

Asabar ta zo. Mma ta zaga maƙwabta ta ce gwaji za a yi. Mutawakilu ya zo da sabon aski, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Injin ya kama, gidan ya girgiza, Mma ta ɗaga hannu za ta yi guɗa. Sai ya yi tari, ya mutu.

Ya fitar da iska ta wajen filta, ya sake. Ya kama, ya yi tari, ya mutu. Haka har batir ya ƙare. Tagar Baba kuwa shiru, ko umarni ɗaya bai fito ba ranar nan.

Asabar ta gaba ya canja filta da tiyo. Wadda ta biyo baya ya cire famfon mai ɗungurum ya kai wa masu gyara, suka ce lafiyarsa lau. Ya bi duk mahaɗar da ya sani da sifana, amma ta yaya zai nemi notin da babu shi a kowace Benz sai tamu? Na ga yaron nan yana ramewa a gabana. Waakyen da nake kai masa sai ya dawo da rabi.

Mma kuwa ta sa ni gaba. Leshin biki ruwan zuma da ta saya a kasuwar Makola yana cikin akwati, kullum sai ta fito da shi ta shafa ta mayar.

"Motan nan zai kashe ni, Ruhaina. Mutane suna magana paa. Antinki Mubarika ta kira ni daga unguwar Malam, wai ko an sa ma auren hannu ne. Ke kuma kin zauna kaman ba naki ba. Ki yi addu'a mana!"

"Ina yi, Mma."

Ina yi ɗin. Sai dai da ta san abin da nake roƙo, da ta mare ni.

Juma'ar da ta wuce, da hantsi, saƙonsa ya shigo.

"Ruhi, kin tashi lafiya? Kawu ya kira ni jiya. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, in gidanku ba su so ne su faɗa, a daina ɓoyewa bayan mota."

Na rubuta, na goge. Wani ya shigo.

"Na ce ma shi laifina ne. Injin da na sayo ne ba shi da kyau, ban iya zaɓe ba. Gobe zan sauke shi in mayar, in fara nema daga farko. Zai ɗauki lokaci. Kafra, ki yi haƙuri, na ba Baba kunya."

Sai na uku.

"Na gaji koraa. Ina ganin ban iya komai ba, wasa kawai nake yi tun da."

Na kifa wayar a kan gado. Mutumin da ya fi kowa yarda da hannunsa, ni na mayar da shi haka, kuma shi ke ba ni haƙuri.

Da maza suka tafi masallaci Baba ya kira ni. Ɗakin yana warin man zafi da turaren wuta, keken ɗinkinsa a lulluɓe a kusurwa, ƙafafunsa a kan filo biyu sun yi sumul saboda kumburi.

"Zo ki matsa mini ƙafa, auta."

Na zauna na fara matsawa.

"An ce gobe yaron nan zai sauke injin."

"Haka ya ce, Baba."

"Injin lafiyarsa lau."

Hannuna ya tsaya.

"Ci gaba da matsawa. Tun Asabar ta farko na ji. Injin da famfonsa ya mutu ba ya kamawa sam. Wannan yana kamawa, ya yi tari, ya saki. Iska yake sha, kuma daga baya yake shan ta, wajen tanki."

Da ƙyar na ce, "To me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"Hannun namiji ba ya shiga wurin nan. Na ce bari in bar mai hannun ta gama kukanta."

Nan fa abin da na danne ya ɓalle. Na kifa kaina a gefen gadon ina kuka kamar ƙaramar yarinya. "Na ji ka, Baba! Na ji abin da ka gaya wa Malam Zakaria. Ka ce in ta tashi ba ka da sauran aiki. Ni ba na son ta tashi. Ba na son auren ma, in dai shi ne zai sallame ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa.

"Ashe da sifana ake tsare ajali? Da na sani ai da na daɗe da rufe shagon ɗinki." Ya ɗora hannu a kaina. "Ruhaina, ba motar ce ta riƙe ni ba, ba kuma ke ba. In lokaci ya yi, ko tana kwance ba inji tafiya zan yi. Abu ɗaya kawai notin nan zai iya. Zai sa a kai ni a motar haya, direba yana duba agogo yana faɗawa ramuka."

Na kasa ɗago kai.

"Na kai mutanen lungun nan, tsofaffi da jarirai. A hankali nake tafiya da su, ban taɓa girgiza kowa ba. Haka nake so a kai ni, a cikin tawa, kuma wanda zan ba 'yata ya tuƙa. In ya sauke injin nan gobe, ban ga alamar zan ga an ɗora wani ba. Jikina nake ji, ba tsoratar da ke nake yi ba."

Ya zura hannu ƙarƙashin filo ya ciro sifana mai lamba goma sha huɗu. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

"Ba zan gaya wa kowa ba. Ke kika kwance, ke za ki ɗaure."

Kuna tsammanin na tafi nan take na ɗaure? Ban je ba. Na fita filin da la'asar, na tsaya gaban motar, na dawo. Na sake fita da magariba, na dawo. Ina ta ce wa kaina a bar ni da kwana ɗaya tak.

Da safe ina shara na ji ƙarar kaca. Ya riga abokansa da za su taya shi zuwa, ya kafa ƙarafunsa, ya buɗe gaban motar, yana shirin kwance tiyo na farko. Idonsa ja, ko gaisuwar kirki bai iya yi ba. Ina sanye da abaya ruwan toka, sabuwa, wadda na ɗinka don zuwa gaishe da mahaifiyarsa. Ban tsaya canjawa ba.

"Dakata," na ce.

"Ruhi, bar ni in gama kafin rana."

"Na ce ka dakata."

Na kwanta a ƙasa ba kwali, na shige. Na yaye robar, na zura hannu, na ɗaure notin har ya yi ɗan kukan da Baba ke cewa ya isa. Da na fito, abayar ta gama yawo, shi kuma yana durƙushe, ya ga komai. Ya kalli sifanar, ya kalli hannuna, ya kalli fuskata. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya tashi ya kama ɗan famfon hannu yana dannawa. Ya sassauta notin filta, kumfa ta yi ta fita, ta yi ta fita, har mai ya zo garau. Ya ɗaure, ya goge hannu, ya hau kujerar direba. Na ji bisimillarsa.

Tsohuwa ta kama. Na jira tarin, bai zo ba. Muryar nan mai kauri ta cika filin, ta bugi bango, ta shige lungu.

Sai a lokacin na tuna ba wanda ya zaga ya ce gwaji ne. Sauke inji aka zo yi, wa zai yi shela? Kuma duk Maamobi an san Malam Tijani yana kwance.

Ƙofofi suka fara buɗewa. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya Latifatu maƙwabciyarmu ce ta fara isowa, tabarma a hammata, mayafi a karkace, tana kuka tana cewa, "Ya kai mijina, ya kai ɗana, yau shi za a kai." Bayanta mata, bayansu maza ɗauke da benci. Malam Zakaria ya fito da takalmi wari ɗaya. Mma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana ihu, "Gwaji ne! Malam yana nan! Ku ji tsoron Allah, gwaji ne!" Tana faɗa tana kuka, don ita ma ta ga abin da na gani, yadda ranar za ta kasance, har da wurin da kowa zai zauna.

Ihun da na girma da shi, ranar nan ya ƙi fita daga bakina.

Wayata ta yi motsi a aljihu. Mutawakilu ne, yana zaune a bayan sitiyari, taku kaɗan tsakaninmu, amma ya zaɓi ya rubuto.

"Tun yaushe?"

Ban amsa ba, har yanzu da nake rubuta muku ban amsa ba. Na ratsa mutane na shiga ɗakin Baba da gudu.

Yana nan. Idonsa a rufe, yatsunsa suna buga gefen gado daidai da bugun injin. Duk salatin da ake yi masa a waje yana ji.

"Kin ji ta?" ya ce, bai buɗe ido ba. "Ta daina shan iska. Yaron nan ya iya zaɓen inji, ki gaya masa in ji ni. Kada ya kashe ta tukuna."

"To, Baba."

"A kira mini kawunsa yau, ba gobe ba. Malam Zakaria ma ya shigo, tunda ya zo."

Ta taga na hango Mma tana ba mutane haƙuri, ana naɗe tabarmi, ana ɗaga benci za a mayar. Baba ya ji ƙarar jan bencin a kan siminti. Ya buɗe ido ya dube ni, da baƙin mai a abayata da sifana a hannuna, ya yi ɗan murmushi.

"Je ki ce musu su bar tabarmin a nan, auta. Kada su sha wahalar dawo da su."